Yadda za ka ziyarci babbar majami'ar Yamusukuro

Idan fatauci ya kai ka Abijan daga Kano, ina ba ka shawara ka ware yini guda ka je Yamusukuro, babban birnin Kwaddebuwa, domin ganin majami'ar Katolika da tsohon shugaban ƙasar, Félix Houphouët-Boigny, ya gina a mahaifarsa, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya keɓe ranar 10 ga Satumba, 1990. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, amma ka riƙe fasfonka da katin rigakafin shawara, ka kuma canza kuɗinka zuwa sefa. Ka yi sammako, domin tafiyar ta haura kilomita 200.

Da ka isa, kada ka yi hanzarin shiga. Ka tsaya daga nesa ka dubi kubbar, wadda tsawonta har kan gicciye ya kai mita 158. Wanda idonsa ya saba da koriyar kubbar babban masallacin Kano zai daɗe yana ɗaga kai. Mai zanen ginin, Pierre Fakhoury, ya kwaikwayi majami'ar Waliyyi Bitrus ta Batikan, shi ya sa za ka ga jerin ginshiƙai sun rungume farfajiyar ta dama da hagu.

A ganina, ainihin abin kallon yana ciki. Bangon kusan duk gilashi ne mai launi da aka yi a Faransa, kuma idan rana ta bugo shi, sai shuɗi da ja su zubo a kan marmarar Italiya da ke ƙasa, har ka ga launin a bayan hannunka. Ka zauna a ɗaya daga cikin kujerun da ke ɗaukar mutum 7,000, ka ji sanyin da ke fitowa daga jikinsu, sannan ka roƙi ɗan rakiya ya nuna maka tagar da aka zana shugaban kansa kusa da Yesu Almasihu. Daga nan ka hau sama ta na'urar da aka ɓoye a cikin ginshiƙi, ka leƙo zauren.

Ko kai Musulmi ne ko Kirista, ka tuna wurin ibadar jama'a ne: ka sa sutura ta kamala, ka sassauta murya, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, kuma idan ka tarar ana addu'a, ka jira a waje har a idar.