Yadda ake kallon kunkurun tsakar gida idan ya fito a farkon damina

Kunkurun da ake gani a gidajen unguwannin Birni da Zango na Zinder da garuruwan Damagaram shi ne babban kunkurun Sahel, mai ƙaya biyu ko uku a bayan cinyoyinsa. Turawa na kiransa sulkata. A cikin kunkurayen tudu duka, na tsibiran Galapagos da Aldabra ne kawai suka fi shi girma, kuma namiji da ya manyanta yakan wuce kilo 50. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40, yakan shige rami ya lafe kwana da kwanaki, ba ci ba sha. Ba ciwo ba ne, kuma kada a haƙo shi. Sanyi da danshin ƙarƙashin ƙasa yake bi. Da ruwan farko ya sauka, wajen Yuni, zai fito da kansa.

Shirin kallo kafin ruwa ake yinsa. A fara da bakin ramin: a tayar masa da ɗan tudu na ƙasa, tsayin kamu ɗaya, a kewaye shi ta gefen da ruwan tsakar gida ke gangarowa, a bar hanyar shiga. Ruwan Agusta yakan cika rami cikin ɗan lokaci, kuma wannan kunkuru ba kififiya ba ne, bai iya iyo ba. Idan indararo na zuba kusa, a karkatar da shi. A duba kuma inda ramin ya nufa, domin yakan yi tafiyar mita da yawa a ƙasa. Idan ya bi ƙarƙashin katangar laka ko ɗaki, damina na iya rusa ginin. Maganin shi ne a jira ya fito, a toshe ramin da duwatsu, a fara masa wani da fartanya a gindin itace, nesa da bango, a rufa bakin da zana. Yawanci zai karɓa ya ci gaba da haƙa.

Sai a share gidan sarai. Leda na iya kashe shi: yana haɗiye ta tare da ciyawa, ta toshe hanji, ya daina kashi, ya rame a hankali. A kwashe tsumma da igiyar roba da batir. Inda aka fesa maganin ƙwari ko aka zuba na ɓera, kada ya kai wurin.

Alamar fitowa ita ce sabuwar ƙasa mai danshi a bakin rami da sawun ƙafafu biyu-biyu da jan ciki a tsakiya. Lokacin kallo biyu ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. A shimfiɗa tabarma kamar mita huɗu daga ramin, a zauna ƙasa, kada inuwar mutum ta faɗa masa. Yana jin takun ƙafa ta ƙasa, don haka a hana yara guje-guje. Zai leƙo da kai, ya daɗe a haka, ya fito rabi ya sha hantsi har jikinsa ya ɗumama, sannan ya nufi ruwa. Wannan jiran shi ne daɗin abin, kuma wanda ya yi gaggawar taɓa shi ya ɓata wa kowa kallo, don zai ja kai ciki da huci ya koma.

A binne faranti mai faɗi daidai da ƙasa, zurfin ruwan bai wuce santimita 5 ba ga babba, ga ƙarami kuwa iyakar haɓarsa. Zai tsoma kai ya daɗe yana sha, wani lokaci ya fitar da wani farin abu kamar kindirmo. Fitsarinsa ne, ba komai. Idan abin ya fito da tauri kamar tsakuwa, ruwa ya yi masa kaɗan. Kada a ɗaga shi sama: tsoro na sa ya zubar da ruwan da ya tara a mafitsara, wanda shi ne guzurinsa.

Abincinsa ciyawa ce, ɗanya da busasshiya, ita ce kusan duka. A ƙara ganyen zogale ko na yakuwa kaɗan, da garin ɓawon ƙwai cokalin shayi ɗaya sau biyu a mako. Sauran tuwo, shinkafa, nama da dusa ba nasa ba ne, ko da ya ci da marmari. Su ke sa zawo, su lalata ƙoda, ƙoƙon bayan ƙarami ya tashi tudu-tudu. Kankana da tumatir sai jefi-jefi.

Mai kallo ya lura da ido da hanci. Ido a kumbure ko majina mai kumfa na bukatar likitan dabbobi. A duba kaska a matsematsin ƙafafu, a cire ta a hankali. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, musamman yara. Huda gefen ƙoƙo don ɗaura igiya zalunci ne, domin ƙashi ne mai jini da jijiya.

Ana cewa kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, amma maza biyu a gida ɗaya faɗa suke na gaske, sun fi yi a ƙarshen damina. Suna karo har ɗaya ya kife, kuma wanda ya kife a rana yakan mutu cikin awowi. A juya shi nan take, a kai shi inuwa, a raba su da shinge mai ƙarfi. Ana gane namiji da lotsawar ƙirji da doguwar jela.

Idan aka ga ƴan ƙanana sun ɓullo daga ƙasa da ruwan farko, a killace su daga kare, hankaka, gafiya da tururuwa, a jiƙa su a ruwa mara zurfi minti 10 kowace safiya. Wannan kunkuru yana cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kiwon dabbobi da kamu sun rage shi a daji, har a yankin duwatsun Tarmit da ke gabashin Nijar. Kada a sayi wanda aka kamo, kuma na gida da ya yi yawa kada a sake shi a jeji da ka, a kai maganar ga ma'aikatan gandun daji.