Yadda nake samun masauki mai rahusa a Bankok

Duk wanda ya zo shagona a Agege yana tambayar inda zai sauka a Bankok, sai in ce: Alhaji, me za ka saro? In tufafi ne, nemi ɗaki a Pratunam, unguwar kasuwar tufafi, ka riƙa kai kayanka masauki da ƙafa. Daga filin jirgin Suvarnabhumi, jirgin ƙasa zai sauke ka a tashar Ratchaprarop kusa da Pratunam, ka tsallake cunkoson da ko na Oshodi albarka.

Duba Agoda, shafin kama ɗakin otal a intanet, tun kana Legas, amma kwana biyu kacal za ka biya. Hoto mayaudari ne. Na taɓa biyan mako guda, na tarar da ɗaki ba taga, na'urar sanyaya ɗakin tana ɗiga a kan jakata. In ka isa, hau ka gani da idonka, murɗa famfo, danna katifa, sannan ka nemi ragin mako. Otal ɗin cikin lungu yakan fi na bakin titi araha da shiru.

Riƙe 'yan baht, kuɗin Thailand, a aljihu, wasu otal sai an ba su kuɗin ajiya. Abincin halal kuwa, leƙa unguwar Nana ko layin masallacin Darul Aman.