Kurakuran da aka hi yi wajen buga zanen hannu kan yadi don ɗinkin bargo

Ƴan uwa masu keke, tun da na sa hoton bargon nan mai raƙuman dawa na Kure mata ke ta tambayata ina aka buga mini, nawa na biya, shin shina wankuwa. Na ga gara in zauna in rubuta sau guda, don abin da ke lalata aikin nan tun kahin a kai ga keke yake hwaruwa, kuma kusan kullum abubuwa guda ne ake maimaitawa. Bargon da nike nuhi shi ne na haɗi, mai hawa ukku, ƙyallaye a sama, wat wato audugar ciko a tsakiya, dubulur wato yadin baya a ƙasa, a bi shi da ɗinki ya kama su duka.

Babban kuskure, wanda ya hi kowane cin kuɗɗi, shi ne ki shiga wurin masu bugu ki ce "Malam a buga mini wanga kan yadi" ba ki tambayi wace mashin za a sa ba. Nan Yamai yawancin wuraren aikinsu bash ne na taro da tishat da kofi da hula, to abin da suka saba shi za su yi miki. Wadda suke ce ma sublimasiyon tawadarta da zahi take shiga, wajen digiri 200, kuma zaren poliyesta kaɗai take kamawa, targal da irinsa. In aka yi ta kan koton ranar hwarko za ki ga kala kamar gaske, wanki guda biyu sai ta koma kamar inuwa. Ni haka ta same ni a bugun hwarko, na kai popilin ɗina hwari mai kyau na koton, yaron wurin bai ce mini komi ba ya karɓa ya buga, na ɗinke bargon jariri gaba ɗai na kai suna, bayan sati biyu uwar ta aiko mini hoto, raƙuman sun kusa ɓacewa. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu, don kwana tara na yi kan ɗinkin nan. In kuma kika yarda da poliyesta kalar ba ta koɗewa ko kaɗan, wannan gaskiya ne, sai dai shina da santsi ƙarƙashin keke, shina riƙe zuhwa, kuma in kika haɗa shi da atamfa ɗaya ta shige a wanki ɗaya bai shige ba, bargon sai shi tattare. Ga abin rataya a bango ko matashin salo ba laihi. Ga jariri ni ba ni yi.

Sai DTF, wadda ake bugawa kan leda a manna da zahi. Ita tana kama koton, shi ya sa ake saurin ba mutane ita, amma ki shahwa da hannu za ki ji ta kamar roba a bisa yadin. Allura in ta huda ta ramin ya zauna ke nan, in kika warware ɗinki sai ki ga layin ramuka, kuma dutsen guga in ya hau ta kai tsaye sai ta narke. Ɗan ƙaramin tambari ko sunan yaro a kusurwa za ta yi, murabba'i cikakke na santi 20 kuwa a'a. Abin da kike nema shi ne bugun da tawada ke sauka kan koton kansa, ko pigma wadda ake gasawa da zahi ko reyaktif wadda ake turarawa a wanke, ita ce ta hi shiga cikin zare ta bar yadin da laushinsa. In zanenki kala ɗaya ce ko biyu, kamar kuros ta Agadas baƙa kan hwari, kar ki raina serigrafi, wadda ake shahwa tawada ta cikin allon raga, tana da ƙarko, illa dai kowace kala da nata allon, kala ta yi yawa kuɗɗi su yi yawa.

Na biyu hoton kansa. A zana abu mai kyau kan takarda, a ɗauke shi da salula da dare ƙarƙashin ampul, a tura ma mai bugu ta WhatsApp, a ce shi buga metir guda. WhatsApp matse hoto yake, tsawonsa shi koma wajen ɗigo 1600 (ƴan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto), alhali yadi na son ɗigo 150 a kowane inci, wato kusan 60 a kowane santi. Ki yi lissahin da kanki, murabba'in santi 20 na son ɗigo 1200 kowane gehe, metir guda na son kusan 6000. Hoton WhatsApp ɗin nan in ya wuce santi 27 ya soma dusashewa. Gyaran mai sauƙi ne, ki kai takardar a yi mata sikan a ɗigo 300 kowane inci, ko sama in za a ƙara girma, ki ɗauka a kile USB ko ki tura ta wurin Document. In zanen ya hi ƙarhin sikana ki shimhiɗa shi a inuwa da hantsi, salula ta tsaya daidai bisa kansa ba a karkace ba, kuma banda filash. Kar ki yarda wani shi ce miki zai ja hoton a kwamfuta shi ƙara girma, ja ba shi ƙara abin da babu.

Zancen kala kuwa sai an yi haƙuri. Gilashin salula haske yake hiddawa, yadi kuma shan tawada yake, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Baƙi na yawan hitowa toka-toka a bugun pigma, shuɗi mai ƙyalli shi karkata wajen shuni ko ruwan goro-goro na ja shi yi duhu, siririn layi na biro kuma shi nutse cikin saƙar. Ki kaurara layukanki tun a takarda. Wani abin da mutane ba su lura, mashin ɗin da ke buga kan yadi kai tsaye yawanci ba ta da tawada hwara, hwarin da ke zanenki hwarin yadin ne, in kika kai yadi ruwan madara komi zai ɗauki rawaya-rawaya. Shi ya sa nike roƙonku don Allah ku biya kuɗɗin eshantiyon, ɗan ƙyalle santi 20 mai ɗauke da kalolin duka, ki zo gida ki yanka shi biyu, ki wanke rabi sau ukku da sabulun da kike wanki da shi, ki goge, ki aje kusa da ɗayan rabin ki duba da rana. Ki kuma goga masa hwarin ƙyalle jiƙaƙƙe ki gani ko shina zuba. Mai bugun da ya ƙi yi miki eshantiyon ki yi masa sai an jima.

Sai wurin awo, nan ne teloli ma ke hwaɗawa. Koton na shigewa a wankin hwarko, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, santi 20 sai shi dawo 19 da ɗan wani abu. Ƙanwata ta Tawa ta taɓa bugo murabba'ai goma sha biyu cip-cip da awon da take so, an jera su manne da juna don tattalin yadi, da ta zo yanka babu wurin ɗinki, dole ta ci cikin zanen, kunnuwan raƙumi da ƙahwahun duk suka shige cikin kabu. Ki bar santi guda kewaye da kowane zane na ɗinki, ki ƙara ɗan na shigewa, tsakanin zane da zane a samu aƙalla santi 2 da rabi. Kuma ki wanke komi kahin almakashi shi taɓa, har atamfar da za ki haɗa, balle shadda rinanna da kowa ya san yadda take zuba. Ki duba kuma ko an ɗora yadin a miƙe cikin mashin, in bugun ya kauce ma zaren to ko ki bi zane yadin shi murɗe ko ki bi zare zanen shi karkace.

Masu yin komand daga waje, kamar Spoonflower ta Amurka da ke wanga aiki tun 2008, ku tuna su da yadi suke awo ba metir ba, yadi guda santi 91 ne da ɗoriya, kuma hwaɗin kotonsu na bargo wajen santi 107 ne. Su ma suna sai da ɗan gwaji na kusan santi 20, a soma da shi.

Rubutu in akwai a duba shi sau biyu, don bugun da ake mannawa daga takarda juye shi ake kamar madubi, in aka manta sunan yaro sai shi hito a baibai. Kuma ni dai shawarata kar a buga aya ko sunan Allah kan bargo, abin da za a zauna a kai, jariri shi jiƙa shi, a jehwa cikin bahon wanki. Haka zanen wani, in kin gani a Facebook ko wurin masu zane na Mize, gidan tarihi na Yamai, ya burge ki, ki nemi mai shi ku yi magana ki biya shi haƙƙinsa, guminsa ne, don irin haka aka kahwa BNDA, hukumar kare haƙƙin masu hasaha ta Nijar.

Bayan an gama ɗinki ma ana kashe bargo da wanki. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, babu jabel, babu buroshi, babu jiƙawa a kwana. A shanya a inuwa a juye, ranar Yamai ta watan Afirilu ko atamfa mai tsada ba ta bari balle bugun pigma. Guga ta baya, ko a ɗora wani ƙyalle a sama. Ni yanzu ina rubuta waɗannan a ƴar takarda in sa cikin ledar kowane bargo, don mai karɓa sau da yawa ba ita ke wanki ba.

Wadda ke son nata shi kai ga sanyin Disamba ta kai eshantiyon tun Oktoba, don gwajin wanki kaɗai na cin sati guda, in kala ba ta yi ba a sake wani, sannan a zo ga yanka da haɗi.