Yadda ake matse waƙoƙi a sabar gida don sauraro a waya ba tare da data ta ƙare ba

Akwai wata tsohuwar laftof a kan kabad a ɗakina a Tudun Wadar Gusau. Allonta ya tsage, madannai uku sun ɓalle, amma ita ke riƙe da duk abin sauraron gidanmu: kaset-kaset ɗin mahaifinmu da na kwashe, faya-fayan CD, da karatun watan azumi na shekaru. Ko ina Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara, in na buɗe waya sai in jawo abin da nake so daga gida. Kwamfutar da aka ajiye don irin wannan aiki ita ake ce wa sabar gida. Makon farko da na haɗa ta, data ta riƙa zuba kamar an huda tulu, waƙa kuma ta yi ta tsayawa tana shaƙewa. Maganin shi ne a rage nauyin abin da ke fita.

Nauyin sauti ana auna shi da kbps, wato yawan bayanan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Faifan CD yana kan 1411. MP3 mai 320 yana cin MB 144 a awa ɗaya, mai 128 kusan MB 58, a 48 kuwa bai kai MB 22 ba. Wato gigabait ɗaya da zai ƙare cikin awa 7 a 320, zai kai ka awa 46 a 48. Ga kuma abin da mutane ke mantawa: in intanet ɗin gidanka na sim ne a cikin MiFi, sau biyu kake biya. Gida ya biya kuɗin aikawa, wayarka ta biya kuɗin karɓa. Kuma yawanci ƙarfin aikawa bai kai na saukewa ba, shi ya sa waƙa mai nauyi ke maƙalewa tun daga ƙofar gida.

Matakin farko, tun kafin ka taɓa wata manhaja: ware asali. Duk abin da ka kwafo daga CD ko kaset, ajiye shi a tsarin FLAC, wanda ke rage girman fayil ba tare da zubar da komai ba, ka sa shi a folda guda, ka yi masa kwafi a wani wurin. Matsewa zubarwa ce, abin da ya fita ba ya dawowa. In ka matse abin da aka riga aka matse, kamar ka yi fotokwafin fotokwafi ne. Saboda haka waƙoƙin nan da suka yi ta yawo a WhatsApp da memorin masu tura waƙa a kasuwa, duba nauyinsu tukuna. Wanda ka tarar MP3 ne mai 64, ƙyale shi yadda yake, babu sauran kitsen da za a yanka.

Na biyu shi ne zaɓen tsarin matsewa, kuma ni a nan ba ni da kokwanto: Opus. MP3 ɗan farkon shekarun 1990 ne, yana da kyau in an ba shi wuri, amma in aka sauko da shi ƙasa da 96 sai sauti ya fara ruwa-ruwa. Opus an tabbatar da shi a 2012, kyauta ne, yana aiki daga 6 har 510, kuma tun asali an yi shi ne don ya jure ƙarancin data. Kana amfani da shi kullum ba ka sani ba, da shi ake naɗe saƙon murya na WhatsApp. Wayoyin Android na yanzu suna karanta shi, a iPhone kuma ya danganta da manhajar da ka sa. Akwai HE-AAC, shi ma gwani ne a ƙaramin nauyi, sai dai ffmpeg, manhajar da za mu yi matsewar da ita, wanda ake saukewa a sauƙaƙe ba ya zuwa da abin haɗa shi, don haka na bar shi.

Na uku, sauke ffmpeg, kyauta ne a Windows da Linux. Ba shi da maɓallan latsawa, umarni ake rubuta masa. Ɗauki waƙa ɗaya ka gwada:

ffmpeg -i waka.flac -vn -c:a libopus -b:a 48k waka48.opus

Sai ka sake, kana canza 48k zuwa 64k, 32k da 24k, ka samu kwafi huɗu. Ka guji sa ƙ da ɗ a sunan fayil lokacin gwaji, don kauce wa rikici.

A nan ne aikin yake, domin kunne ne alƙali. Kuma ka saurara da abin da za ka riƙa sauraro da shi, iyafis ɗinka ko lasifikar mota. Ni da na fara, zari ya kwashe ni, na mayar da komai 24. Ranar wata Juma'a bayan la'asar na kunna wa Kawu wata tsohuwar waƙar fada ta makaɗan kotso na ƙasar Maradun, ta ƙaramar lasifika, yana zaune kan tabarma a zaure. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗago kai.

"Kai yaro, mi kay yi ma wagga waƙa? Ina kotson ya tahi?"

Na ce, "Kawu, ai ga shi nan ana bugawa."

Ya ce ana bugawa, amma kamar an lulluɓe shi da bargo. Gaskiyarsa. Muryar makaɗin tana nan garau, amma kaifin bugun ya dushe, 'yan amshi kuma in suka ɗauka tare sai muryoyinsu su cakuɗe. Dalili shi ne bugun ganga sauti ne mai faɗowa kwatsam, kuma shi ne abin da matsewa ta fi wahalar riƙewa. Ga shuuu ɗin kaset, wanda manhaja ba ta san shara ba ne, tana kashe masa data kamar yadda take kashe wa waƙar.

Abin da ya gyara min ita abu ne mai sauƙi. Tsofaffin naɗe-naɗen nan kusan duk mono ne, abin da ke kunnen dama shi ne a na hagu, amma ni na kwashe su a sitiriyo. Da na ƙara -ac 1 a cikin umarnin, na ɗaga zuwa 32, sai duk datar ta koma kan layi ɗaya. Na sake kunna wa Kawu, bai ce komai ba, ƙafarsa kawai na ga tana kaɗawa.

Inda na tsaya ke nan bayan gwaje-gwaje: kaset na gargajiya, mono a 32. Waƙoƙin sutudiyo na zamani masu fiyano, sitiriyo a 64, ko 48 in a mota za a ji, tunda ƙarar inji ta riga ta cinye bambancin. Karatu da wa'azi, murya zalla, mono a 24 ya wadatar, bai kai MB 11 a awa ba. Naka kunnen na iya saɓa wa nawa.

In kana son matse folda gaba ɗaya a Windows, buɗe wata folda mai suna karami a cikinta, sannan ka rubuta:

for %f in (*.flac) do ffmpeg -i "%f" -vn -c:a libopus -b:a 48k "karami\%~nf.opus"

Na huɗu, sabar kanta. Ina amfani da Navidrome, manhajar da ke miƙa waƙoƙi daga kwamfuta zuwa waya, kyauta ce kuma ba ta da nauyi, har a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi tana gudu. Ka girka ta, ka nuna mata foldar waƙoƙi, sai ka buɗe burauza ka rubuta adireshin kwamfutar ka ƙara :4533 a ƙarshe. Tana iya matsewa da kanta a daidai lokacin da aka nemi waƙa, ta hanyar ffmpeg ɗin nan. A saitin kowace waya da ta shiga, ka zaɓi Opus ka sa iyakar nauyi. Wannan ya fi sauƙi, asali na zaune lafiya, ƙaramin kwafi ne ke fita. Amma ni karatu da kaset na riga na matse su da hannu, saboda ina son mono ɗin nan. A waya kuma sai ka sa manhajar da ke jin yaren Subsonic, wato yaren da Navidrome ke magana da shi, irin su Ultrasonic ko Symfonium, ta biyun ta kuɗi ce. A cikinsu akwai wurin ware nauyi daban na Wi-Fi da na datar waya. Na gida ka sake shi, na waje ka ɗaure.

Na biyar ne ke kayar da mutane da yawa: a gida komai na aiki, da an fita sai shiru. Layukan waya suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka daga waje ba a ganin sabarka, ko ka buɗe ƙofa a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Sa Tailscale a laftof da waya, ka shiga da asusu ɗaya, sai su ga juna kamar suna ɗaki ɗaya. Ga mai amfanin kansa kyauta ne, kuma baƙo ba ya shigowa.

Sauran kula ne. Shiga saitin wuta ka hana laftof barci in an rufe murfinta. Batirinta zai riƙe ta in an ɗauke wuta, amma MiFi ma sai ka jona shi da fawa bank, in ba haka ba sabar na raye hanya a toshe. Ɗaga ta daga kan katifa ko kafet, zafin Afrilu a Gusau ba ya wasa, lokacin hunturu kuma a riƙa hure ƙurar fankarta.

A cikin gida sabar ba ta buƙatar intanet ko kaɗan, Wi-Fi kawai. Wanda ya ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, ya san darajar hakan. In kuma tafiya ce, wuraren da sabis ke ɓacewa ba matsewar da za ta cece ka. Daren tafiya, kana kan Wi-Fi na gida, ka sa manhajar ta sauke abin da za ka ji a hanya. A 48, MB 100 zai ba ka sama da awa huɗu, ya ishe ka daga Gusau zuwa Sakkwato.