Yadda na gyara fom ɗin rajista da makafi suka kasa cikewa

Fom ne na shafin wata ƙungiyar Hausawa mazauna Jidda. Masu amfani da NVDA da TalkBack (manhajojin da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo) sukan cike komai, sai wajen turawa abu ya cije. Dalili: maɓallin "Aika" da div (akwatin HTML kawai, ba maɓalli ba) aka yi shi, don haka Tab na kibod, da ake bin fom da shi, yana tsallake shi, manhajar karatun allo ma ba ta san maɓalli ba ne. Na mayar da shi button, wato ainihin maɓallin HTML, shi ke nan.

Gurbin lambar iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ya fi cin lokaci. Sunansa yana cikin placeholder (rubutun nuni da ke cikin gurbin) kawai, da an fara rubutu sai ya ɓace. Na sa masa label (suna da ba ya ɓacewa), for ɗinsa ya dace da id ɗin gurbin don sunan ya haɗu da gurbin. In an yi kuskure kuma, jan layi kaɗai ke fitowa, makaho ina zai gani? Yanzu saƙo ne a rubuce mai role="alert", wanda ke sa manhajar ta karanta shi da ya fito: "Lambar iƙama lamba 10 ce."

Tokar rubutun #999 a kan fari ba ta kai bambancin launi na 4.5:1 da WCAG (ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman) ke nema ba, na koma #767676 da ta fi duhu. Adireshin da ke cikin Larabci na sa masa lang="ar" da dir="rtl", alamun da ke nuna Larabci ne kuma daga dama zuwa hagu ake karanta shi.