Kurakuran lissafi a JavaScript da ke cinye kuɗin butik

Watan jiya ƙanena ya haɗa wa butik ɗin kawunmu a Garwa ɗan shirin lissafin kaya da JavaScript, wato yaren rubuta shirin kwamfuta, da yamma aka ƙirga kuɗin aljihun tebur bai yi daidai da na kwamfuta ba, kuma shirin ko uffan bai ce ba. Halin JavaScript kenan, amsa kawai zai miƙo maka ko da ba daidai ba ce.

Wanda ya fi cin mutane shi ne gurbin da aka bari babu komai. null + 500 zai ba ka 500, wato ya ɗauki null, alamar babu komai, a matsayin sifili, haka buhun shinkafar da aka manta sa wa farashi ya fita kyauta a rasit, wallahi abin ya ɓata min rai. undefined (abin da ba a taɓa ba shi ƙima ba) + 500 kuma NaN ne, wato ba lamba ba ce, duk lissafin da ya shiga ya lalace. Kar ka liƙa ?? 0, mai cike gurbin da sifili, don ka huta, in babu farashi shirin ya tsaya ya tambaya.

Mu nan da tsarin Faransa muke rubuta lamba, 1 500 (dubu ɗaya da ɗari biyar) da 2,5 (biyu da rabi). To wajen mayar da rubutu lamba, Number("1 500") NaN ne, parseFloat("2,5") kuma 2 zai ba ka, rabin kilon sukari ya tafi. Cire sararin, ka mayar da waƙafi aya kafin lissafi.

Sai TVA ɗinmu na Kamaru, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya, 19.25%. Kaya uku, kowanne sefa 1500, harajin kowanne 288.75, in ka cike ɗaya bayan ɗaya da Math.round ka samu 867, in ka haɗa tukuna 866. Sefa ɗaya ce amma kullum tana taruwa, zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kai. Kuma ko 0.1 + 0.2 a wajensa 0.30000000000000004 ne, don haka ajiye kuɗi da cikakkiyar sefa.

Lamba in ta wuce 9007199254740991 ƙarshenta na iya canzawa shiru, doguwar lambar shaidar biya ka riƙe ta a rubutu ko BigInt, nau'in lambar da ke ɗaukar dogayen lambobi, da ya shiga ƙa'idar JavaScript a 2020. Masu sa | 0 don yanke ɓurɓushi kuma, da kuɗi ya haura 2147483647 sai ka ga alamar ragi (-) a gaban lambar.