Kurakuran da ake yi in za a je bikin Glastonbury da abokai, da yadda ake kauce musu

Yawancin masu zuwa karon farko sukan ɗauka kallon wasa za su je, kamar yadda ake shiga zaure a ji kiɗa awa uku a dawo gida a kwanta. Daga wannan zaton sauran kurakuran suke tsirowa. Bikin kiɗa na Glastonbury a gonar shanun madara ake yin sa, Worthy Farm, kusa da ƙauyen Pilton a yankin Somerset na Ingila. Michael Eavis, mai gonar, ya fara shi a 1970 da mutum kusan 1,500, kuɗin shiga fam 1, har da kyautar madara. Yau sama da mutum 200,000 ke taruwa a filin da ya kai eka 900, daga Laraba zuwa Lahadi a ƙarshen watan Yuni. Kwana biyar ke nan za ku yi a tanti, a tsakiyar gona, ku da abokan da wataƙila ba ku taɓa kwana wuri ɗaya da su ba. Kiɗan shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Maganar tikiti ce ke fara kayar da mutane. Ba a sayen sa sai an yi rajista tukuna, da hoton fuska, kuma hoton nan ake bugawa a jikin tikitin, a duba fuskarka a ƙofa. Wannan ya sa duk wanda ya ce maka yana da tikitin da zai sayar maka a bayan fage, ka riƙe kuɗinka, domin ko na gaske ne ba za ka shiga da shi ba. Ana buɗe sayarwa wajen watan Nuwamba na shekarar da ta gabaci bikin, kuma sau da yawa ba ya kai awa ɗaya ya ƙare. Abin da ƙungiyar abokai ke yi ba daidai ba shi ne su ɗora wa mutum ɗaya aikin. Ai mutum guda yana iya saya wa mutum shida a lokaci ɗaya, muddin yana riƙe da lambar rajistar kowa da lambar unguwar da ya yi rajista da ita. To ku haɗu ku shida, kowa ya samu bayanan sauran a takarda ɗaya, kowa ya shiga layi, wanda ya yi sa'a ya saya wa duka. Ku kuma tabbatar kowa yana da kuɗin da zai biya wa mutum shida a asusunsa a ranar. Na bikin 2025 kafin alƙalami fam 75 ne kowane mutum, daga cikin fam 373.50 da fam 5 na hidima, sauran a cika a farkon Afrilu. Wanda ya manta ranar cikawa, tikitinsa ya koma kasuwa, a sake sayar da shi a cikin watan. Akwai kuma shekarar da ake hutar da gonar gaba ɗaya don ciyawa ta farfaɗo, kamar 2018 da 2026, saboda haka a duba kafin a fara tara kuɗi. Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar ziyara, kuma ana iya nemanta tun saura wata uku tafiya. Kada a bari sai watan Yuni ya kama.

Sai kaya. Kowa yakan ɗebo kamar mai ƙaura, ya manta cewa tsakanin inda ake ajiye mota da inda ake kafa tanti tafiya ce mai nisa a ƙafa, a kan ciyawa da tsakuwa, ga layin ƙofa. Akwatin nan mai ƙananan tayoyi na filin jirgi ba ya kai ko rabin hanya tayar ta cire. Jakar goyo ce ta dace, kuma gwajinta mai sauƙi ne: ka cika ta, ka goya, ka zagaya unguwarku na rabin awa. Abin da ya sa ka haki, rage shi. Ku raba kayan tarayya tun a gida, kada a wayi gari da tocila shida babu mai ko leda ɗaya ta zuba shara. Kwalba kowace iri haramun ce a filin, har ta turare, saboda shanu za su dawo kiwo bayan an watse. A ƙofa ake ƙwace ta. Tun 2019 kuma aka daina sayar da ruwan roba a ciki, sai dai akwai famfuna kyauta ko'ina, don haka kowa ya riƙe gorarsa. Wanda ba ya son wahalar mota, jirgin ƙasa yana tsayawa a tashar Castle Cary, daga nan akwai bas da ke kai masu tikiti ƙofar bikin.

Wurin kafa tanti ya fi tantin kansa muhimmanci, amma gajiya kan sa mutane su yada zango a fili na farko da suka gani babu kowa. Ku tambayi kanku me ya sa babu kowa. Galibi ko kwari ne inda ruwa ke taruwa, ko kusa da bayan gida, ko bakin hanyar da mutane za su yi ta tuntuɓe da igiyarku har asuba. A 2005 an yi ruwa mai tsawa da safiyar Juma'a, tantunan da ke gindin gangare suka nutse har sai ƙololuwarsu kawai ake gani. Ku nemi tudu-tudu, ƙofar tanti ta kalli gangare. Tanti mai rufi ɗaya da ake wurgawa ya buɗe da kansa yana da daɗin kafawa, amma numfashinku kaɗai ya isa ya jiƙa cikinsa kafin safe. Mai rufi biyu ya fi. Idan an rubuta na mutum biyu, a ɗauka na mutum ɗaya ne da jakarsa. Ku gwada kafa shi sau ɗaya a gida, kada ranar ta zama ranar karatun takardar bayani cikin yayyafi.

Yanayin Ingila ba ya da alƙawari. An sha taɓo a 1997 da 2016 har ana ba da labari, an kuma sha rana mai ƙuna a wasu shekarun, a filin da inuwa ba ta da yawa. Mu da muka tashi a rana muna da wani girman kai a nan: wai wace rana ce a Turai za ta dame mu? Tsayuwar awa takwas a fili babu ruwa a ciki tana kayar da kowa, ko a Sakkwato aka haife shi. Hula da gora dole ne. Da dare kuma sanyi ke saukowa mai shiga ƙashi ko da a tsakiyar bazararsu, sai ka ga wanda ya zo da riga shara-shara yana kakkarwa. Takalmin ruwa na roba a zo da shi, da doguwar safa don kada ya goge ƙwauri, sannan da wani takalmin tafiya da ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi a wannan fili neman ciwon ƙafa ne. Ku ƙulle kaya kala ɗaya da safa a leda, kada a taɓa su sai ranar komawa.

Yanzu ga inda zumunci ke tsagewa, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar a tsaya. Dandamalin wasa sun haura ɗari, kuma ana yi a lokaci ɗaya. Wani yana son ya tsaya gaban babban dandamalin Pyramid, inda Rolling Stones suka yi wasa a 2013, Arctic Monkeys da Guns N' Roses a 2023. Wani kuma ya ji labarin wasu 'yan jita a can wani lungu da babu wanda ya san su. Wani don Burna Boy ya zo, wanda ya hau Pyramid a 2024, shekara 40 bayan Fela Kuti ya yi wasa a gonar. Kuskuren shi ne a rantse cewa duk inda za a je tare za a je. Mutum shida ba sa tafiya da sauri ɗaya: wannan zai shiga bayan gida, wancan yana layin abinci, ɗaya ya tsaya ɗaukar hoto, kafin a haɗu an gama waƙa uku, kowa yana cika yana batsewa. Kafin ku bar gida kowa ya faɗi wasa biyu ko uku da ba zai yarda ya rasa ba. Inda aka dace a tafi tare, inda aka saɓa a rabu bibbiyu ba tare da jin haushi ba. Ku kuma yi lissafin tafiya, domin daga wannan gefen filin zuwa wancan cikin jama'a yana iya cin rabin awa ko fiye. Mai son ya ga rabin wannan da rabin wancan, a hanya zai ƙare daren.

Rabuwar ba ta da illa in an san yadda za a haɗu, sai dai mutane kan jingina da waya. Inda dubban mutane suka taru gaban dandamali ɗaya sabis yakan yi nauyi, saƙon da ka tura da ƙarfe tara ya isa sha ɗaya. Idan ka rubuta "ina nan gefen dama", ba ka ce komai ba. Sa lokaci a cikin saƙon, ka kuma ambaci abin da ba ya motsi, kamar hasumiyar lasifika ko wani shagon abinci. Tutocin da ake ɗagawa a dogayen sanduna suna taimakawa, amma mai tuta yana tafiya da abarsa. Mafi aminci shi ne ku tsayar da wuri ɗaya da lokaci biyu a rana, a ce ƙarfe ɗaya na rana da bakwai na yamma, wanda bai zo ba bayan minti goma sha biyar a tafi, a sake haɗuwa a na gaba. Kowa ya rubuta lambar mutum biyu a takarda ya sa a aljihu. A zo da fawa bank cike, domin layin wurin caji yana cin rabin yini.

Kuɗi ma a yi maganarsa tun da wuri. Abinci a ciki yana da tsada, kuma "biya min, zan ba ka" na kwana biyar ya isa ya ɓata shekara biyar. Ko a yi asusun tarayya na man mota da kayan tanti, ko kowa ya ci gashin kansa. Fasfo, makullin mota da kuɗin komawa a kai su wuraren ajiya da ke cikin filin, kyauta ne. Sa wa tanti kwaɗo kuwa tallata wa ɓarawo ne cewa akwai abu a ciki, tunda wuƙa ɗaya ta isa ta yanka shi.

Akwai kuskuren da ba a gyara shi daga baya. A bikin Roskilde na Denmak, ranar 30 ga Yunin 2000, mutum tara suka mutu a turmutsutsu gaban dandamali lokacin da Pearl Jam ke wasa. Matsi ne ya hana su numfashi. Idan ka ji ka daina iya ɗaga hannu ka taɓa fuskarka, ko jama'a na kaɗa ka kamar ruwa ba da son ranka ba, lokacin fita ya yi. Ɗaga hannuwa gaban ƙirji kamar ɗan dambe don huhu ya samu sarari, kada ka yi kokawa da turin, ka riƙa zamewa a kaikaice zuwa gefe duk sanda aka ɗan sassauta. Waya ko takalmi ya faɗi, bar shi. Wani ya faɗi, a ɗaga shi nan take. Gajere a cikinku, ko mai ciwon asma, kada a ja shi gaba don kunya. Daga tsakiya ma ana gani a manyan allunan bidiyo da ke nuna wasan, sautin kuma ya fi daɗi kusa da rumfar masu sarrafa shi. Kunne ma haka: ƙarar da ta kai desibel 100 ba a so a wuce kamar minti 15 a cikinta babu kariya, kuma gaban lasifika takan kai haka. Abin toshe kunne na masu kiɗa ba shi da tsada, yana rage ƙarfin ba ya kashe waƙar. Ƙugin da ake kwana da shi a kunne bayan wasa alama ce an yi ɓarna.

Bayan gidan wurin, musamman dogayen ramukan nan marasa rufi, babu ruwa a ciki, don haka mai tsarki da ruwa ya zo da ƙaramar buta ko gora ta daban, da sabulu. Mai salla ya san cewa a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen tara da rabi na dare, ta kuma fito kafin biyar na safe, ga shi magariba takan faɗo daidai lokacin manyan wasanni. A tsara yini da wannan, a sa dadduma a leda. Giya tana ko'ina, amma babu mai tilasta maka, kuma masu sayar da abinci marar nama suna da yawa ga wanda bai natsu da yankan ba. Abin sha daga hannun wanda ba ka sani ba, a ce an gode.

Ranar Litinin kowa ke son fita a lokaci ɗaya, motoci su yi awoyi ba su motsa ba. Ko ku naɗe kaya ku kai mota tun yammacin Lahadi, ko ku yi zamanku ku karya kumallo har hanya ta sarara. Direba ya samu barci na gaske a daren ƙarshe, ko da zai rasa wasan rufewa. A yanke wannan tun a gida, a kuma rage masa kuɗin mai a madadin haka. Tanti a tafi da shi, turakun ƙarfe a ƙirga su a tsige duka, domin wanda aka bari a ƙasa yana iya ƙarewa a cikin tumbin saniya.